Kyauta, rabin kuɗi, ko a bar ɗan rakiya ya wuce: wanne ya fi wa naƙasasshe a ƙofar filin ƙwallo?

Kawuna yana cikin kwamitin da ke shirya gasar ƙwallo ta babban hutu a unguwarmu. Ran nan bayan la'asar ya biyo ta shagona, ya jawo benci ya zauna, ya ce: "Ɗana, bana za mu kewaye fili da kwano, kuma daga wasannin kusa da na ƙarshe sai da tikiti. Jiya mun raba dare muna gardama a kan mutanenku naƙasassu. Wasu sun ce a bar ku ku shiga kyauta, wasu sun ce ku biya rabi. Kai me ka gani?"

Na ce, "Kawu, akwai hanya ta uku da ba ku ambata ba, kuma ita ce zaɓina. Amma ba magana ce da za ta ƙare kafin shayin nan ya huce ba." Ya ce to in rubuta masa ya kai wa kwamiti. Abin da na rubuta ke nan, na ƙara faɗaɗa shi, domin na san ba kwamitinmu kaɗai ke wannan gardama ba. Masu gidajen kallo, shugabannin ƙungiyoyi da masu shirya gasa a unguwannin Zinder, daga Birni har Garin Malam, duk suna cin karo da ita.

Cutar shan inna ta kama ni ina da shekara uku. Da keken hannu nake yawo, gyaran waya nake yi a kusa da kasuwar Dole, kuma tun ina yaro ba abin da ke raba ni da ƙwallo. Na shiga fili kyauta, na shiga da rabin kuɗi, na kuma biya cikakken kuɗi. Kowanne na san yadda yake a jiki.

Lissafin da ake mantawa

Kuɗin kallon wasa ba a ƙofar fili yake farawa ba, tun daga ƙofar gida yake farawa. Mu ɗauka tikiti sefa 500 ne, wato dala ɗari, kabu-kabu kuma sefa 250 zuwa, 250 dawowa. Misali ne kawai don lissafi ya fito, kowa ya sa farashin unguwarsu. Mai lafiya ya kashe jaka ɗaya ya ga wasansa. Makaho kuwa ba ya shiga taro irin wannan sai da ɗan jagora: tikiti biyu, babur biyu, jaka biyu ke nan a kan wasa ɗaya. Wanda ake turawa a kujera ya fi shi jin jiki, don kujera ba ta hawa babur. Sai ya ɗauki shatar adaidaita, kuma shata da kuɗin mutum ɗaya ba ɗaya ba ne.

To mu gwada hanyoyin uku a kan wannan makahon. In an ce ya shiga kyauta, ɗan jagoransa zai biya, jimilla sefa 1,500. In an ce rabin kuɗi, sefa 1,750. In an ce shi ya biya nasa, ɗan jagora ya wuce ba kuɗi, sefa 1,500. Ka ga ta fuskar aljihu, hanya ta farko da ta uku kunnen doki suka yi. Abin da ya raba su shi ne a hannun wa tikitin yake, kuma a kan wannan ne duk maganata ta tsaya.

Ni da nake tuƙa kekena in zo ni kaɗai, lissafina daban ne. A hanya ta farko ba na biyan ko dala, a ta biyu in biya 250, a ta uku in biya 500. Hanyar da nake goyon baya ita ce ta fi cin aljihuna. Na faɗi haka tun yanzu don kada a ce abin da zai amfane ni nake jawowa.

Shiga kyauta

Ita ce hanyar da aka fi sani a nan, kuma daga kyakkyawar zuciya ta fito. Ba zan raina ta ba. Mu Damagarawa mun tashi mun tarar da al'adar tausaya wa mai rauni, har makafi da guragu suna da sarakunansu. Talauci kuma gaskiya ne. Wanda ya san Kara-Kara, unguwar da asalinta matsugunin masu cutar kuturta ne, ya san akwai gidajen da sefa 500 kuɗin cefanen yini ne. Mutumin da ke cikin wannan hali, ko dai ya shiga kyauta ko ya tsaya waje yana jin ihu ta bayan kwano. Ga mai tsaron ƙofa ma abin ya fi sauƙi: ba canji, ba takarda, ya ga sanda ko keke ya ɗaga hannu.

Sai dai kyautar nan yawanci ba a rubuce take ba. A bakin mai tsaron ƙofa take, shi kuwa yau da gobe ba ɗaya ba ne. Ranar ƙaramin wasa, fili wayam, kowa zai ce maka bisimilla. Ranar wasan ƙarshe, da mutane suka yi dafifi kuma kowane wuri kuɗi ne, mai shiga kyauta shi ake fara cewa ya dakata tukuna. Wasan da ka fi so ka gani shi ne wasan da kyautar ke gudu.

Wata shekara na je wasan ƙarshe na wata gasa, kuɗina a hannu. Kafin in buɗe baki, saurayin da ke ƙofa ya ce, "Malam, a yi haƙuri, ba a bara a nan." Na nuna masa kuɗin. Kunya ta kama shi, ya ce, "Haba, bar shi, shiga kawai, sadaka ce." Na san gyara ɓarnarsa yake so ya yi, ban riƙe shi a zuciya ba. Na shiga, aka nuna mini bayan raga, cikin rana. Da wasa ya yi zafi mutane suka kwararo suka tsaya a gabana, ban ƙara ganin komai ba sai bayan riguna. Na kira wani mai ɗamarar kwamiti na ce a taimaka a matsar da su. Ya dube ni ya ce, "To ai kai ba ka biya ba, waɗannan kuwa sun biya." Ba ni da amsar da zan ba shi. Ƙwallaye uku aka ci a ranar, duk da kunne na gan su.

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Karin maganar ta daɗe tana mini nauyi saboda sunan da ke cikinta, amma a nan gaskiyarta take. In ka karɓi kuɗina, ka ɗauki alkawari: wurin zama, ganin fili, hanyar fita. In ba ka karɓa ba, duk abin da ka ba ni alheri ne, kuma ba a ƙorafi a kan alheri. Shi ya sa filayen da suka fi saurin cewa "ku shiga kyauta" sau da yawa ba su taɓa gyara ko matakala ɗaya saboda mu ba. A ganinsu sun riga sun sauke nauyi a ƙofa.

Akwai kuma illar da ba a gani. Wanda ya shiga ba tikiti ba ya cikin lissafi. Kwamiti zai gama gasa bai san ko mu biyar ne muka zo ko mu hamsin ba, to da wace hujja baɗi wani zai ce a ware mana rumfa? Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen Nijar suna da naƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari a duniya baki ɗaya. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, taron mutum 1,000 ya kamata a samu mutum 42 a ciki. Duk wanda ke zuwa fili ya san ba a ganin ko kusa da haka. Ba ƙwallon ne ba sa so ba, suna gida kunne a rediyo.

Sannan ga ɗan rakiya. Kyautar ta naƙasasshe ce shi kaɗai, sai ka ga an ce makaho ya shiga, yaron da ke riƙe da sandarsa ya biya ko ya jira a waje. Makahon da aka raba da ɗan jagoransa a bakin taro, me aka ba shi?

Rabin kuɗi

Wannan ta fi ta farko da abu ɗaya babba: tikiti yana hannunka, kai ma mai saye ne, bakinka yana da ƙarfi. Ga wanda ke zuwa da kansa, kamar kurma, ko mai dogara sanda ɗaya, ko ni, hanya ce mai kyau, kuma ta yarda cewa samunmu yawanci bai kai na sauran mutane ba.

Matsalarta biyu ce. Ta farko lissafin can na sama ya nuna ta: wanda naƙasarsa ta fi tsanani, wanda ba ya iya motsi sai da mutum, shi ne ya fi kowa biya. Ragi ne da ya fi amfanar wanda ya fi ƙarfi a cikinmu. Ta biyu kuwa, rabin wane kuɗi? Filaye ba su da farashi ɗaya. Ko a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, tikitin wasannin rukuni hawa uku ne, sefa 5,000, 10,000 da 15,000. A nan ma haka ne gwargwadon hali, akwai ɓangaren rana mai arha, akwai rumfar inuwa mai tsada. In ɓangaren rana 500 ne, rumfa 2,000, kuma rumfar ce kaɗai inda keke zai iya tsayawa lafiya, rabin kuɗi ya zama 1,000. An yi maka ragi amma ka biya ninkin abin da talaka ɗan'uwanka ya biya, alhali shi zaɓa ya yi, kai kuwa ba ka da zaɓi.

Ya biya nasa, ɗan rakiya ya wuce

Tushen wannan hanya shi ne ɗan rakiya ba ɗan kallo ba ne, aiki ya zo yi. Shi ne ƙafar wani, shi ne idon wani. Ba wanda zai ce a yanki tikiti wa sandar makaho ko wa kekena. To yaron da ke tura kujera, ya ɗaga ta a bakin rami, ya kai mai ita ban ɗaki, ya raɗa wa makaho cewa ga ɗan gaba can ya yanke mutum biyu, matsayinsa ke nan. Ko ya ji daɗin wasan, ba don shi ya zo ba.

Inda aka daɗe ana wannan gwagwarmaya, nan aka fi karkata. A Ingila, bayan dokar daidaito ta 2010, abin da aka saba a manyan ƙungiyoyi shi ne naƙasasshe ya sayi tikitinsa, mai taimaka masa a ba shi kyauta. Sun ma fi damuwa da wurin zama fiye da farashi. Tun 2003 suna da ma'auni a rubuce: filin da bai kai mutum 10,000 ba ya ware wurin kujerar guragu ɗaya cikin kowane ɗari, kuma kada ya gaza shida, filin mutum 40,000 ya ware 210. Ko can ba a tashi ɗaya aka cika ba, sai da magoya baya suka yi ta matsa lamba kafin ƙungiyoyin Firimiya su yi alkawari a 2015 cewa za su cika ma'aunin zuwa Agustan 2017.

Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022. Tikitin naƙasassu an sa masa farashi mafi arha, riyal 40 a wasannin rukuni in ban da wasan buɗewa, wajen jaka bakwai a kuɗinmu na lokacin, kuma mai buƙatar ɗan rakiya an ba shi tikitin rakiya kyauta. Makafi sun samu sharhi na musamman da Larabci da Ingilishi, wanda ke bayyana musu har inda ƙwallo take da yadda ɗan wasa ya yi da fuska. Da aka zo sayar da tikitin gasar 2026, aka ce ɗan rakiya ma ya biya, ƙungiyar magoya baya ta Turai, Football Supporters Europe, ta fito fili ta soki FIFA a ƙarshen 2025. Wannan ya nuna mini cewa ko a wurin masu kuɗi, tikitin ɗan rakiya ne igiyar da in ta tsinke komai ya zube.

Wani zai ce ina Katar ina filin unguwa mai katangar kwano. Gaskiya ne, ba kuɗinsu za mu ara ba. Amma ƙa'idar ba ta cin ko dala: farashi mafi arha, wuri mai kyau, ɗan rakiya ɗaya kyauta.

Ta fuskar kwamiti ma ba asara ba ce, ko da yake ma'ajin kuɗi zai fara ganin kamar asara ce. A ce an ware wuri 10, tikiti 500. In kyauta ce, a kan naƙasassun nan goma ba ku samu komai ba. In hanya ta uku ce, kun samu jaka biyar. Ƴan rakiyar da suka wuce ba ku rasa kuɗinsu ba, don da yawansu da ba su zo ba sam, su da waɗanda suka rako. Jaka biyar ɗin nan a wasanni huɗu ta zama jaka ashirin, kuma ita ce kuɗin burjin da za a zuba a ƙofa.

Illolinta ba zan ɓoye ba. Wanda ba shi da ko dala ɗari, wannan hanya ta rufe masa ƙofa, kuma irinsu suna da yawa. Maganin da na gani shi ne a buga wasu tikitoci ƙidayayyu na kyauta, a miƙa su tun kafin ranar wasa ta hannun ƙungiyar naƙasassu ta unguwa ko sarkin makafi da na guragu, su suka san wanda ba shi da hali. Tikiti ne iri ɗaya da na kowa, mai ƙofa ba zai san wanda ya saya da wanda aka ba ba. Mai kuɗin da ke son lada sai ya sayi goma ya bayar. Sadakar ta tabbata, amma a ɓoye, ba a bainar jama'a ba.

Illa ta biyu ita ce wayo. Kawu da kansa ya ce, "Ɗana, ka san samarinmu. Gurgu ɗaya zai zo da masu turi biyar." Zai faru, ba shakka. Amma gyaransa kaɗan ne: ɗan rakiya ɗaya, tikitinsa a manne da na mai shi, su shiga tare su zauna tare. Wanda ya shigo da sunan rakiya ya sulale cikin abokansa, baɗi ba shi. Game da shaida kuma, naƙasar da ido ke gani ba ta buƙatar takarda. Wadda ba a gani, kamar farfaɗiya ko raunin gani, a yi rajista sau ɗaya kafin gasa da katin ƙungiya ko takardar likita. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a ce mutum ya ɗage wando ko ya cire tabarau a bakin ƙofa don a tabbatar.

Abin da tikitin ya kamata ya saya

Duk hanyar da aka zaɓa, in ciki bai gyaru ba, wahala aka sayar. Kuma abubuwan ba manya ba ne.

Ƙofa tukuna. Ta kai faɗin mita ɗaya, kuma ta zama daban da inda ake turereniya, ko a buɗe mana ita minti talatin kafin sauran jama'a. Mutumin da ke zaune a keke, kansa daidai ƙugun mutane yake; in taro ya matse, shi ne na farko da numfashi ke ƙwace wa. Ba mu manta da filin Olembe na Yawunde ba, ranar 24 ga Janairun 2022, inda mutum 8 suka rasu a turmutsutsun ƙofa lokacin wasan Kamaru da Komoros. Ƙofa ce ta kashe su, ba wasa ba. Fita ma haka: ko mu riga kowa ko a riƙe mana hanya, musamman ranar da alƙali ya busa abin da wani ɓangare bai so ba.

Sai ƙasa. Zinder gari ne na rairayi da duwatsu, gasar hutu kuma cikin damina take faɗowa. Ƙafar keke tana nutsewa a rairayi, tana kafewa a laka. Burji amalanke biyu ko uku, a daɓe daga bakin titi zuwa wurin zama, ya wadatar. Inda akwai matakala a yi gangara, kuma kada a yi ta a tsaye kamar tsani. Ma'aunin da magina suka sani shi ne kowane santimita ɗaya na tsawo a ba shi 12 na kwance, wato matakala mai santimita 20 tana son gangara mai mita 2.4. Wadda ta fi haka miƙewa, mai keke zai kife da baya.

Wurin zama shi ne inda aka fi kuskure, kuma a kansa na fi son kwamiti ya tsaya. Mutane suna zaton gaba-gaba, a bakin layi, shi ne gata. A bakin layi kuwa ƙwallo ke dukan fuska, ƴan wasa su faɗo maka, kuma da an ci ƙwallo jama'a su ɓarke ta kanka. Bayan raga ya fi muni. Abin da muke so dakali ne mai ɗan tsawo a gefen fili, ta yadda ko na gabanka ya miƙe tsaye kana gani, da igiya ko katako a gabansa, da mutum ɗaya na kwamiti mai hana a tsaya a wurin. Kujerar turawa tana cin wajen santimita 90 a faɗi da 140 a tsawo, keken hannu irin namu ya fi haka tsawo, don haka a auna da keken gaske, kada a ƙiyasta da ido. Benci na ɗan rakiya ya kasance a gefe, ba can baya ba. A sa rumfa. Mai lafiya in rana ta dame shi zai koma inuwar bango, in hadari ya taso ya ruga. Mu inda aka ajiye mu nan muke, kuma mun san yadda rana take a garin nan, balle in wata gasa ta faɗo a bazara da zafi ke haura digiri 40.

Kada kuma a tara mu wuri ɗaya ba tare da tambayar wa muke goyon baya ba. Gurgun Zango ɗan Zango ne, gurgun Sabon Gari ɗan Sabon Gari ne. In dakali ɗaya ne, a yi shi a tsakiya, kowa ya zauna ta ɓangaren mutanensa ya yi ihunsa.

Ban ɗaki ba a son ambatonsa, amma shi ke hana da yawa zuwa, musamman mata. Na san waɗanda ke daina shan ruwa tun hantsi ranar wasa don kada buƙata ta kama su. Makewayi ɗaya mai faɗin ƙofa, ba matakala, da ƙarfen riƙewa a bango, zai kawo mutanen da ragin kuɗi bai taɓa kawowa ba. Makafi kuma, in akwai mai sharhi da lasifika, a zaunar da su inda za su ji shi, a roƙe shi ya riƙa faɗin sunan mai ƙwallo da inda take. Kurame allo suke so, a rubuta ci da minti da canjin ɗan wasa da alli.

Gidajen kallo

Yawancin ƙwallon da muke gani a gidan kallo muke ganinsa. Wasannin Turai ke nan, har da na Mena, ƙungiyar ƙasarmu, tunda a shekarun nan an sha buga wasanninta na gida a Maroko ko Lome, ga shi ko Yamai ɗin ma kusan kilomita 900 ne daga nan. A gidan kallo kuɗin shiga kaɗan ne, don haka gardamar rabi ko cikakke ba ta da nauyi sosai. Abin da ke da nauyi shi ne dokin ƙofa, duhu, da bencina da aka jera ba hanya a tsakani. Mai gidan da ya fasa dokin ƙofarsa, ya cire benci ɗaya a gefen gaba kusa da ƙofa, ya samu abokan ciniki da ba sa fashi, don mu in mun samu inda ya karɓe mu ba ma canzawa. Makaho ya biya, ɗan jagoransa ya wuce, domin sharhin tashoshin da Faransanci yake zuwa, kuma yaron ne ke juya masa shi zuwa Hausa. A nan ban ga dalilin kyauta ba sam, sai ga wanda mai gida ya san ba shi da shi.

Ba roƙo ba ne

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 30 ya ambaci shiga wuraren wasanni ƙarara. An yi dokar 1993 kan kare naƙasassu, ga kuma doka mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamban 2019 kan shigar da su cikin harkokin jama'a. Kwamitin unguwa ba gwamnati ba ne, ba wanda zai kai shi kotu a kan dakali. Na kawo su ne don a san abin da muke nema sunansa haƙƙi. Kuma ba namu kaɗai ba ne. Samarin da suka yi murna lokacin da ƙungiyar Espoir ta Zinder ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1984, yau dattawa ne. Wani yanar ido ta rufe shi, wani ɓarin jikinsa ya shanye, wani ciwon suga ya ci ƙafarsa. Su suka cika filaye shekara da shekaru, su suka cika dandalin kokowa na Langa-Langa, kuma yanzu matakala uku ta raba su da abin da suka fi so.

Abin da na ce Kawu ya kai

In kwamiti ba shi da ikon gyara komai a bana, ba dakali, ba burji, ba rumfa, to kada ya karɓi kuɗinmu. Ya bar mu kyauta, mu da ɗan rakiya, amma ya rubuta a allo a ƙofa, ya yanka mana tikiti don a ƙidaya mu. In zai iya gyaran, ko rabinsa, to hanya ta uku: naƙasasshe ya biya farashin ɓangaren rana ya zauna a inuwa, ɗan rakiya ɗaya ya wuce, a ware wuri ɗaya cikin ɗari kada ya gaza shida, a kuma ajiye tikitocin kyauta a hannun ƙungiya. Rabin kuɗi shi kaɗai ban ba da shawararsa ba, sai in an haɗa shi da rakiya kyauta, wanda kuwa ya fi duka in aljihun kwamiti zai ɗauka.

Kawu ya karanta takardar a nan shagon, ya kai ƙarshe ya koma kan lissafin makahon ya sake dubawa. Ya ce, "Ma'aji zai yi gardama a kan ƴan rakiya, amma zan nuna masa jaka biyar ɗin nan." Sannan ya aiki yaro ya aro igiyar awo wurin tela na kusa da mu, ya durƙusa da kansa ya auna kekena, faɗi da tsawo, ya rubuta a bayan takardar. Ya ce ranar Asabar in zo fili da hantsi, in zo da makaho ɗaya da mai kujera ɗaya, mu nuna wa magini inda za a yi dakalin kafin a kafa kwano.